Tsere ranar Asabar, kwazazzabo ranar Lahadi: yadda ake haɗa su a ƙasar Kebbi

Masu gudun motsa jiki a ƙasashen waje sun daɗe da wata al'ada: a je wani gari ranar Juma'a, a yi tseren kan titi da safiyar Asabar, washegari kuma a shiga kwazazzabai da ƙafa. A Amurka garin Mowab na jihar Yuta ya yi suna da wannan, don ana yin tseren rabin dogon zango, kilomita 21.1, a gefen kogin Kolorado, ga kuma kwazazzaban jan dutse kewaye da garin. Mu ma a Kebbi muna da abin da ake buƙata. Akwai titi shimfiɗaɗɗe, akwai tuddai masu kan faranti da marmara ta lulluɓe a yankin Birnin Kebbi da Gwandu da Argungu, kuma ruwan damina ya yanka kwazazzabai a jikinsu, wasu zurfinsu ya shanye tsayin mutum sau da yawa. Ba su kai na Amurka girma ba, amma abin da ke kayar da mutum a can shi ne ke kayar da shi a nan: ƙishirwa, zafi, santsin tsakuwa, da ƙafar da ta riga ta gaji.

Abin da za a riƙe tun farko shi ne, ƙafa ɗaya ce za ta yi aikin kwana biyun. Yawancin masu shiri suna zuba duk hankalinsu a kan tseren, su ɗauki yawon Lahadi kamar shan iska. To a ranar Lahadin ne ake samun targaɗe da jiri.

Lokaci da wuri

Disamba da Janairu su ne watannin wannan tafiya. Da asuba akwai sanyin hunturu, ƙasa ta bushe, ciyawa ta kwanta ana ganin inda ake taka ƙafa. Daga Maris zuwa Mayu zafin bazara a Kebbi kan haura digiri 40, kuma cikin kwazazzabo iska ba ta ratsawa, bango yana mayar da zafi kamar tanda. Damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, a bar kwazazzabo kwata-kwata. Ruwan da ya yanka shi yana iya dawowa ko da sama garau take a inda kake tsaye, don hadarin da ya zuba a wani ƙauye can sama ya isa. A watan Agusta na 1997 irin wannan ambaliya ta kashe mutum goma sha ɗaya a kwazazzabon Antelof na jihar Arizona, alhali ba ruwan kirki aka yi a kansu ba. A kuma duba kalanda kada tafiyar ta faɗa cikin azumi.

Sai batun tsaro, wanda shi ke zaɓar wuri kafin kyan dutse ya zaɓa. Dutsen Kwatarkwashi kusa da Gusau da duwatsun ƙasar Zuru sun fi tuddan yammacin Kebbi tsayi da ban sha'awa, amma dazukan Zamfara da na kudu maso gabashin Kebbi sun sha fama da 'yan bindiga, haka ma wasu ƙauyukan bakin iyaka ta arewa. Kada a yanke shawara da labarin bara ko hoton da aka gani a Facebook. A zaɓi tudun da ke kusa da gari, wanda daga kansa ana hango rufin kwano, wanda mota ke iya kaiwa gindinsa. Mako biyu kafin tafiya mutum biyu su je su gaida mai gari ko hakimi, su ce: "Ranka ya daɗe, baƙi ne za mu kawo su ga ƙasarku da ƙafa, muna neman izini da wanda zai yi mana jagora." A sanar da ofishin 'yan sanda na yankin. Ranar Alhamis a sake bugo waya a ji ko wani abu ya canza. Idan mai gari ya yi jim ya ce a dakata, magana ta ƙare, a sauya wuri.

Jagora ya zama ɗan garin, mafarauci ko makiyayi, a kuma yi tsada da shi tun kafin ranar. Shi ya san ramin da zuma ta zauna, da gonar da ba a ratsawa, da wurin da mutanen gari ke girmamawa ba sa son a hau ko a ɗauki hoto.

Shirin jiki

Ga wanda bai saba ba, kilomita 10 ta isa. Rabin dogon zango sai wanda ya taɓa yin sa, cikakken dogon zango kuwa, kilomita 42.195, ba a haɗa shi da hawan dutse washegari. Mako takwas na atisaye, kwana uku a mako: rana ɗaya gudu a hankali na minti 30 zuwa 40, rana ɗaya gudu mai ɗan zafi ana hutawa tsakani, sai rana ɗaya doguwar tafiya da ake ƙara mata kilomita ɗaya duk mako har ta kai tara ko goma. Daga mako na huɗu, washegarin doguwar tafiyar a goya jaka mai nauyin kilo huɗu ko biyar a yi awa ɗaya ana hawa da sauka, ko a tudu ko a matakalar bene. Wannan shi ne atisayen da mutane ke tsallakewa, kuma shi ke koya wa cinya sauka a gajiye. Makon ƙarshe a rage komai zuwa rabi.

Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai asma da mai sikila su ga likita kafin su sa suna. Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro cikin mako biyun da suka wuce ya zo ya raba ruwa a bakin hanya, kada ya yi gudu.

Idan tseren na wata ƙungiya ne ko hukumar wasanni, aikinku rajista da karɓar lamba kawai. Idan ku ne masu shiryawa, ku nemi titi mai ƙarancin manyan motoci, a tafi kilomita biyar a juyo. A auna shi sau biyu, da babur da kuma agogo ko waya mai GPS, don kowannensu kan yi ɗan kuskure, sannan a sa alamar fenti a kowace kilomita. A rubuta wa jami'an kiyaye haɗurra da 'yan sanda takarda da wuri. Babur ɗaya a gaba, mota ɗaya a bayan mutum na ƙarshe da ma'aikacin lafiya a ciki. Teburin ruwa a kilomita biyu da rabi, wanda za a sake tararwa a dawowa, da wani a wurin juyawa, da wani a ƙarshe. Lissafin ruwa mai sauƙi ne: ledar fiya wata rabin lita ce, jaka guda tana da leda ashirin, mutum talatin a leda huɗu-huɗu jaka shida ke nan. A ƙara biyu na zubawa a ka. A sa yara biyu da buhu su tsince ledojin.

Juma'a da Asabar

A tashi da an sauko daga masallaci, a isa masauki kafin magariba. Ba a tafiyar dare. Abincin dare tuwon shinkafa da miyar kuka ko shinkafa da miya mara yaji sosai, a ci kafin ƙarfe takwas. Wake, tsire mai ƙuli da yaji, da duk abincin da ciki bai saba da shi ba, a bar su sai bayan tsere. A shimfiɗa kayan gudu a kan gado tun dare, a maƙala lamba a riga da fil huɗu.

Takalmi shi ne wanda aka riga aka yi aƙalla kilomita hamsin da shi. Sabon kambas, ko na kanti ko na gwanjo, ranar tsere bororo yake haifarwa. Ya kasance akwai faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin, don ƙafa kan kumbura. Safar auduga tana riƙe gumi tana goge fata, a nemi ta roba-roba irin ta 'yan ƙwallo. A yanke farce kwana uku kafin ranar. A shafa basilin a matsematsi da hammata, maza su shafa har a kan nono, in ba haka ba riga za ta goge shi ya yi jini. Mata su zaɓi dogon wando mara nauyi, da riga mai saukowa, da ƙaramin hijabi mai shan iska wanda ba ya kaɗawa yana rufe ido.

A wannan lokaci na shekara rana ba ta fitowa a Birnin Kebbi sai wajen ƙarfe bakwai, saboda haka a sa tashi ƙarfe bakwai daidai. A farka ƙarfe huɗu da rabi a sha koko ko kunu kofi ɗaya da burodi da zuma, ko ayaba biyu. Ƙosai da fura da nono sai an dawo: mai da nono suna daɗewa a ciki, kuma su ne ke tsayar da mutum a bayan gari a kilomita ta shida. A sha ruwa leda ɗaya awa biyu kafin tashi, sai kurɓi kaɗan bayan sallar asuba.

Wanda ke son gamawa cikin awa ɗaya, minti shida ke gare shi a kowace kilomita. Kilomita biyun farko a yi su a minti shida da daƙiƙa goma sha biyar, ko da kowa ya wuce ka. Sanyin safiya da ihun jama'a suna rudar mutum ya fita a guje, sai ya zo kilomita ta bakwai ƙafa ta zama gungume. Alamar da ba ta ƙarya: in ba ka iya faɗin jimla guda ba tare da haki ya yanke ta ba a rabin farko, ka yi sauri da yawa. Kuma tunda akwai gobe, a bar ɗan ƙarfi a ajiye. Gudun ƙure ƙarfi a mita ɗari biyun ƙarshe ba ya rage lokaci sosai, amma yana iya jan tsokar bayan cinya ya ɓata Lahadi gaba ɗaya.

Iskar hunturu tana busar da gumi kafin a gan shi, shi ya sa mutum kan ɗauka bai yi asarar ruwa ba. Wanda ke da sikeli ya auna kansa kafin gudu da bayansa: duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta fita, a mayar da ita da ɗan ƙari cikin awanni, ba a zama ɗaya ba. Yawan ruwa zalla ma cuta ne, yana tsinka gishirin jini ya kawo ciwon kai da amai da ruɗewa. Maganinsa ruwan gishiri da suga: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ko a sayi na leda a kemis.

Da an tsallake layi kada a zube ƙasa. A taka minti goma, a canza rigar da ta jiƙe, a ci abinci cikin awa ɗaya. Yanzu ne lokacin fura da nono, da ƙwai ko kifi. Bayan azahar a kwanta a ɗora ƙafa a kan matashi. Da la'asar ɗan yawo a hankali ya fi kwanciya har dare. Wanda ya sauka a Argungu ya leƙa gidan tarihi na Kanta, ko ya taka zuwa bakin Matan Fada inda ake bikin kamun kifin da aka faro a 1934. A guji ibuprofen da diclofenac don kashe ciwon jiki alhali jiki na cikin ƙarancin ruwa, suna wahalar da ƙoda. Tramol kuwa ko kusa. Idan fitsari ya fito baƙi-baƙi kamar ruwan shayi mai kauri, ga kuma tsoka na ciwo fiye da kima, wannan asibiti ne a daren, ba a jira safiya.

Da dare kowa ya gwada kansa: ya sauko matakala goma, ya tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa talatin. Tsamin jiki a cinyoyi biyu daidai ba komai. Ciwo mai suka a wuri ɗaya, a gwiwa ko ƙwauri ko idon sawu, ko ɗingishi, yana nufin gobe mai shi zai tsaya wurin mota.

Lahadi cikin kwazazzabo

Tsamin jiki bayan gudu ba ya kai ƙololuwarsa sai tsakanin awa 24 zuwa 72, wato daidai lokacin da za a shiga dutse yake tasowa. Kuma sauka ta fi hawa cin cinya, don tsokar gaban cinya ce ke taka wa jiki burki a kowane taku. Idan ta gaji burkin ya yi sanyi, sai gwiwa ta lanƙwashe ba zato, ƙafa ta sauka a karkace. Ga tsakuwar marmara, ƙanana masu mulmulalliyar siffa, da ke zube a kan gangaren tuddan nan: taka su a gangare kamar taka gero ne a kan siminti. Don haka a gajarta taku, a ɗan lanƙwasa gwiwa, a sauka a kaikaice maimakon a miƙe, a riƙe sanda irin ta makiyaya mai kaiwa ƙirji. A bar tazarar taku biyar tsakanin mutum da mutum, kuma kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin wani, saboda dutsen da ƙafa ta tunkuɗo.

Kwazazzabo ya saɓa wa dutse ta wata fuska mai muhimmanci. A dutse ana fara wahala, a dawo da sauƙi. A kwazazzabo ana fara sauka cikin sanyi da nishaɗi, hawan kuma ya zo a ƙarshe, lokacin da rana ta take, ruwa ya ragu. Ƙa'idar da ake ba masu shiga babban kwazazzabon Arizona, wato Grand Canyon, ta yi daidai da nan: hawa yana cin ninki biyu na lokacin sauka. In awa uku aka ware, bayan awa ɗaya a juya. A yanke lokacin juyawa tun a gindin mota, a faɗe shi kowa ya ji, kuma idan ya yi a juya ko da jagora ya ce "saura kaɗan". Haka ruwa: kashi ɗaya cikin uku na shiga, biyu na fita.

Kilomita shida zuwa takwas sun isa. A shiga da gari ya waye sosai, a fito kafin sha ɗaya. Kowa ya ɗauki lita biyu da rabi zuwa uku, rabin lita a ciki ta gishiri da suga ce, a bar jarka cike a mota. Guzuri dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ɗan kilishi, a riƙa ci kaɗan-kaɗan duk minti arba'in. Malafa, dogon wando mai kauri saboda ƙarangiya da ƙayar magarya, man kaɗanya na leɓe, da rawani ko ƙyalle na rufe hanci in ƙura ta taso. Takalmin tsere mai sulɓin ƙasa ba na nan ba ne, a sa mai manyan haƙora. Jakar ƙungiya ta ƙunshi bandeji mai talewa guda biyu, filasta, auduga, ruwan wanke ciwo, farasitamol, almakashi, usur, tocila da abin cajin waya. Sabis kan ɓace da an sauka ƙasa, don haka a sauke taswira a waya tun a gari, a kuma bar direba a sama da sunayen kowa da lokacin da in ba a fito ba zai kira mai gari da lambar gaggawa ta 112. Kada ƙungiya ta wuce mutum goma sha biyu ga jagora ɗaya. Mafi rauni ya bi bayan jagora, mafi ƙarfi ya rufe baya.

Bangon irin waɗannan kwazazzabai yashi ne da yumɓu da suka daskare, ruwa ya ci gindinsu. Inuwar da ke ƙarƙashin bangon da ya rankwafo tana da daɗi, amma nan ne ƙasa ke zaftarewa. A huta a inuwar itace a fili. A sama ma kada a matsa baki don hoto, a tsaya taku uku baya, musamman inda aka ga tsaga ta bi gefen.

Kububuwa ita ce macijin da ya fi cutar da mutane a irin wannan ƙasa. Gajeriya ce, launinta ya saje da tsakuwa, takan kwanta ƙarƙashin dutse ko busasshen ganye. Akwai kasa, akwai kunama. Kada a zura hannu inda ido bai gani ba, kada a ɗaga dutse, a taka kan gungume a leƙa kafin a tsallake. In sara ya faru: a zaunar da mutum, a cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗaure sanda a jikin gaɓar don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa mota. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure jijiya da igiya tamau, ba a tsayawa neman macijin. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, saboda haka tsagawa ƙara zubar jini take yi. Tun ranar Alhamis a tambayi asibitin da ke da allurar dafin maciji a ajiye, a san hanyarsa, don ba kowane ke da ita ba. Zuma kuwa in ta taso, a rufe fuska a bar wurin da sauri ba tare da kaɗa hannu ba, kuma tun farko kada a fesa turare.

Zafi yana da matakai biyu. Mai jiri, tashin zuciya da gumi sharkaf, amma hankalinsa na nan: inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a ba shi ruwan gishiri da suga kurɓi-kurɓi, yawonsa ya ƙare. Wanda ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko faɗa ba dalili, jikinsa zau, wannan rai ne a hannu. A jiƙa shi da duk ruwan da ake da shi, a wuya da hammata da matsematsi, a yi ta fifita, kada a ɗura masa ruwa a baki in ba ya cikin hayyacinsa, a ci gaba da sanyaya shi har cikin mota.

Targaɗe shi ne abin da aka fi gani. Idan mutum na iya taka ƙafar taku huɗu, a naɗe idon sawun da bandeji, a mayar da takalmi a ɗaure, a karɓe masa jaka, ya fita da sanda da kafaɗar wani. In ba ya iya takawa ko ƙashin na ciwo in an danna, a ɗauke shi kamar karaya ce, kuma kada a bari wani ya ja ko ya murɗa da sunan gyara.

Da an fito a ƙirga kawuna kafin a buɗe mota. A sallami jagora a gaban wanda ya haɗa ku, a koma a yi wa mai gari bangajiya, a tafi da buhun shara. A ci abinci, a yi azahar, a kama hanya kafin ƙarfe biyu. Wanda ya yi tsere da hawa kada ya riƙe sitiyari, barci na zuwa masa da an hau kwalta. A tafiya mai nisa a tsaya duk awa ɗaya da rabi a miƙe ƙafa. Litinin da Talata babu gudu, sai tafiya a hankali. Ranar Laraba in matakala ta daina ciwo a gwada minti ashirin.